Kafin A Zuba Kankare: Tafiya Kaduna Da Ɗaliban Injiniya

A tsangayar injiniya ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai darasin da ɗaliban sashen gine-gine da hanyoyi ke shiga bayan sun sha lissafi sun ƙoshi. A nan ba a tambayar nauyin da ginshiƙi zai iya ɗauka, an riga an wuce wurin. Abin da ake koyo shi ne mayar da lissafi zuwa zane dalla-dalla: rodi mai wane kauri, guda nawa, ina zai kwanta, ina zai tanƙwara, ina zai haɗu da ɗan'uwansa, wace tazara za a bari tsakaninsa da iskar waje. Daga nan sai yadda ake bin zanen a fili, tun daga haƙar harsashi har a kai ga rufi. Ɗalibai da yawa suna raina darasin saboda ba shi da dogon lissafi. Malamin da ke koyar da shi, wanda aminina ne tun muna yara, yakan ce musu a cikin wannan darasi rayukan jama'a suke.

Da ya shirya fita da ajinsa zuwa Kaduna sai ya ce in biyo su, tunda ɗiyar ƙanwata tana cikin ajin, ni kuma na daɗe ina tambayarsa abin da ke kayar da benaye a ƙasar nan. Ya zaɓi Kaduna ne saboda daga Kawo zuwa bakin kogi mutum zai ga aikin gini na fiye da shekara 100 a jere, daga gadar ƙarfe ta zamanin Turawa zuwa benen da ko fenti bai sha ba.

Mun tashi daga Samaru bayan sallar asuba, a ƙarshen hunturu, hazo bai gama sakin gari ba. Kowane ɗalibi da hular kwano da tef ɗin awo da littafi. Tafiyar kimanin kilomita 80 ce. Muka wuce Jaji da Birnin Yero da Maraban Jos. Tun daga Rigachikun gidajen buga bulo suka fara jeruwa a bakin titi, tifofi na juye yashi, samari na loda wa motoci buhunan siminti. Malam ya miƙe a gaban mota ya ce, "Yau kada wanda ya ciro mini kalkuleta. Ido nake so da tef. Duk abin da kuka gani ku tambayi kanku: me wannan ya ɗauka, shi kuma wa ya ɗauke shi?"

Ƙarƙashin gadar Kawo

Gadar sama ta Kawo ita ce ƙofar Kaduna ga duk wanda ya fito daga Zariya ko Kano ko Katsina. An rushe tsohuwar aka gina wannan cikin shirin sabunta birni da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya yi aikin, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya buɗe ta a watan Janairun 2022. Jama'a kanta suke hawa su yaba. Mu ƙarƙashinta Malam ya kai mu, cikin ihun 'yan kamasho da ƙarar babura masu ƙafa uku, ya ce kowa ya ɗaga kai.

Abin da ya fara nuna mana shi ne, dogayen bim ɗin da ke ɗauke da titi ba a kan ginshiƙi suke zaune kai-tsaye ba, akwai matashi mai kauri tsakaninsu. Sannan akwai tsaga da ta ratsa gadar daga wannan gefe zuwa wancan. Wani ɗalibi ya ce, "Malam, wannan ba tsagewa ba ce?" Malam ya ce da gangan aka bar ta. Kankare da ƙarfe suna miƙewa in sun ji zafi, su tsuke in sun ji sanyi. Bim mai tsawon mita 30, in zafi ya ƙaru da digiri 30, zai miƙe da kusan santimita 1. A Kaduna kuwa tsakanin sanyin daren hunturu da tsakar ranar bazara akwai tazara babba. In ba a bar wa gada wurin motsi ba, ita za ta nema wa kanta, ta fasa abin da ya tare ta. Ƙarar nan da direba ke ji in taya ta taka wani layin ƙarfe a kan gada, wurin motsin ke nan.

Ya kuma nuna bututun da ke sauko da ruwan sama ta jikin ginshiƙai. Ya ce duk zanen da bai faɗi inda ruwa zai bi ba, ba a gama shi ba. Ɗalibai suka tsaya suna zana mahaɗar bim da ginshiƙi a littattafansu, masu sayar da rake suna leƙe suna tambayar ko gyara za a yi.

Daga Ali Akilu zuwa Ahmadu Bello Way

Muka miƙe titin Ali Akilu, muka bar Unguwar Sarki da Masallacin Sultan Bello, muka wuce gidan tarihi, har Lugard Hall ta bayyana da ƙubbarta. A nan majalisar Jihar Arewa take zama a da, yanzu kuma majalisar dokokin Jihar Kaduna. Garin nan da ma da zane aka kafa shi. A 1917 Turawa suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta nan, a 1967 kuma masanin tsara birane Max Lock ya fitar da babban tsarin da ya hango wa birnin shekara 50 a gaba. Faɗin tituna da manyan filayen tsohuwar unguwar Turawa duk daga wannan tarbiyya suka fito.

A Ahmadu Bello Way muka tsaya daura da Ahmed Talib House, dogon benen kamfanin NNDC. Malam ya sa ɗalibai su bi hanyar nauyi da ido daga sama zuwa ƙasa. Mutane da kujeru da kabad suna kan dekin. Dekin yana miƙa nauyinsu ga bim, bim ya miƙa wa ginshiƙi, ginshiƙi ya sauke wa harsashi, harsashi ya shimfiɗa shi a kan ƙasa. A irin wannan gini bangon bulo ba ya ɗaukar komai sai kansa, raba ɗakuna kawai yake yi. Ginshiƙi kuwa dole na sama ya zauna daidai kan na ƙasa tun daga hawa na ƙarshe har cikin rami.

"Shi ya sa," in ji Malam, "in kuka ga mai shago ya ce a cire masa fila ɗaya don wurin ya yi faɗi, ku sani nauyin da take ɗauke da shi bai tafi ko'ina ba. Ya koma kan 'yan'uwanta, su kuma ba a lissafa su da shi ba." Na sha ganin ana irin wannan gyara a kasuwanninmu, ana yi ana murna wuri ya buɗe.

Gadar da ba ta ɓoye komai

A Ƙofar Gamji, cikin lambun Janar Hassan Usman Katsina da ke bakin Kogin Kaduna, akwai wata 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa. Gwamna Lugga ne ya sa aka kafa ta a Zungeru a 1904. Daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna aka sake haɗawa, a 1956 kuma aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa. Wanda ya fito daga Kawo zai ga ba ta kai ta kawo ba. Amma ɗaliban sun fi daɗewa a kanta fiye da ko'ina a safiyar nan, domin kowane ƙarfe ana ganin inda ya taso da inda ya ƙare da abin da ya ɗaure shi da na kusa da shi. In tsatsa ta kama wani wuri, ido zai gani, a kankare a shafa fenti. In mahaɗa ta saki, hannu zai ji.

A nan Malam ya yi maganar da ta zame mini jigon tafiyar. Ya ce, "Wannan gada duk wanda ya zo bayan mai aikinta zai iya duba aikinsa. Ku kuwa da kankare za ku yi aiki. Daga ranar da aka zuba, babu mai sake ganin abin da kuka ɗaura a ciki, ko mai gida, ko hukuma, ko ku kanku. Mai kyau da marar kyau fenti ɗaya za su sha. Saboda haka aikinku amana ne kafin ya zama sana'a."

Kafin mu bar wurin ya nuna kogin. Yanzu ruwa ya ja baya, duwatsu sun fito, amma a damina yakan cika ya tumbatsa, kuma mutanen Kaduna ba su manta ambaliyar 2003 ba. Ƙasar bakin kogi daban take da jar ƙasar tudu. Harsashin da ya wadatar a tudu yana iya nutsewa a fadama, don haka ba a kwafo zanen harsashi daga wani fili a kai wani sai an haƙa an gwada ƙasar.

Tudun Wada da Panteka

A Tudun Wada muka yi azahar muka ci abinci. Nan ne babbar harabar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta fara a 1956 a matsayin makarantar koyon fasaha, ta zama kwaleji a 1968. Ba a iya ƙirga ma'aikatan gini da hanyoyi da ta yaye wa Arewa. A maƙwabtanta kuma ga tsohuwar kasuwar Panteka, inda ƙarar guduma da walƙiyar walda ba sa tsayawa. Ƙofofi, tagogi, tankunan ruwa, injin buga bulo, baro, duk a nan ake ƙera su. A 'yan shekarun nan kwalejin da ƙungiyar 'yan kasuwar sun haɗa hannu domin a gwada ƙwarewar masu koyon sana'a a ba su takardar shaida, a ƙarƙashin tsarin hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke nan Kaduna. Wannan haɗi ya faranta mini rai, domin katanga ɗaya ce ta daɗe tana raba mai takarda da mai hannu.

A inuwar wata rumfa Malam ya ciro guntayen rodi biyu daga jakarsa. Ya ce duka biyun an sayar masa da su ne a wasu wurare da sunan mai 12. Ya ba ɗiyar ƙanwata ma'aunin kauri ta gwada. Ɗaya ya cika milimita 12, ɗayan da ƙyar ya wuce 10. A ido kusan ɗaya suke. Amma ƙarfin rodi a faɗin bakinsa yake: mai 12 yana da murabba'in milimita 113, mai 10 kuwa 79 ne. Kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfen ya tafi ke nan, alhali zane bai canza ba, adadin rodi bai canza ba, mai gida kuma ya ƙirga ya ga sun cika. Wani dattijon mai walda da ke sauraro ya gyaɗa kai ya ce, "Araha ba ta ado, Injiniya. A wannan harka ma kisa take yi."

A kan dekin

Inda muka fi daɗewa shi ne wani gini da ake yi a wata unguwa ta gabashin gari, bene mai hawa 3 da za a yi shaguna a ƙasa, gidajen haya a sama. Injiniyan da ya zana shi tsohon ɗalibin Malam ne, shi ya ba da izini mu shiga. Washegari za a zuba dekin na farko, don haka komai a buɗe yake. Muka ratsa ta cikin dajin gorar da aka tokare katako da ita, muka hau tsani ɗaya bayan ɗaya. A sama rodi ya shimfiɗu a saƙe daga wannan ƙarshe zuwa wancan, rana ta gasa shi har hannu ba ya iya daɗewa a kai.

Shugaban masu ɗaurin rodi dattijo ne mai furfura, da ƙugiyar murɗa waya a hannu.

"Sannu da aiki, Baba," in ji Malam.

"Yauwa, Injiniya, sannunku da zuwa. Duk waɗannan 'ya'yanka ne?"

"Naka ne, Baba. Karatu na kawo su wurinka."

Aka raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane da shafin zanensa. Inda zane ya ce 4Y16, rodi huɗu ke nan masu kaurin milimita 16, sai su ƙirga su gwada. Inda ya ce a bar milimita 200 tsakanin rodi da rodi, sai su ɗora tef. Wasu suka duƙa suna leƙa ƙarƙashin saƙar, suna neman 'yan guntayen kankaren nan da masu aiki ke kira biskit, waɗanda ke ɗage rodi daga kan katako da kamar milimita 25. Wannan 'yar tazara ita ce rigar ƙarfe. In babu ita, rodi zai kwanta a fatar kankare, damshi ya same shi, tsatsa ta kumbura shi, ya ture kankaren da ke rufe da shi. Ɓawon silin da ke faɗowa a tsofaffin gidaje har a ga jan ƙarfe, daga nan yake farawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar tun ranar zubi ake shuka ta.

Wasu suka duba haɗi. Rodi da tsawon mita 12 yake zuwa daga kasuwa, dole wani wuri a haɗa biyu. Ba baki da baki ake haɗa su ba, ɗaya ne ke shigewa gefen ɗaya da ninki 40 zuwa 50 na kaurinsa, wato mai 16 yana bukatar kusan santimita 80. Ba a kuma tara duk haɗe-haɗen a layi ɗaya. Wasu kuma suka ƙirga zobban da ke ɗaure bim, waɗanda masu aiki ke kira ringi, suka ga sun fi matsewa kusa da ginshiƙi, sun fi sakewa a tsakiya, kamar yadda zane ya ce. Aikin Baba mai tsabta ne, ƙullin wayarsa duk fuska ɗaya suke kallo.

Can sai na ji muryar ɗiyar ƙanwata daga bakin baranda: "Malam, don Allah a zo a duba nan." Barandar ta fito waje da fiye da mita 1, babu ginshiƙi a ƙarƙashinta. Zane ya nuna rodinta a sama, kusa da fuskar da za a taka. Amma a fili ga shi ya lotsa, ya kwanta kusan a kan katako.

Malam ya aika aka zaro masa karan dawa biyu daga dannin rumfar maigadi. Ya ɗora na farko a kan bulo biyu ya danna tsakiya. Karan ya buɗe baki ta ƙasa. Ya riƙe na biyu ta gefe ɗaya ya danna ɗaya bakin. Wannan ta sama ya tsage, dab da hannunsa. Ya ce kankare gwani ne wajen jure danniya, amma in ja ne, abin da zai iya bai fi kashi 1 cikin 10 na wancan ba. Don haka inda karan ya buɗe baki, nan ake sa ƙarfe. A tsakiyar ɗaki ƙasa ne, a baranda sama ne. Rodin baranda in ya koma ƙasa, yana nan a ƙirge, an biya kuɗinsa, amma ba ya riƙe komai. Ranar da aka cire gora, ko ranar biki da mata suka taru a kai, ranar za a sani.

Baba ya tsuguna ya duba, ransa a ɓace. "A sama na ɗaure shi jiya, Injiniya. Masu shimfiɗa bututun wayar wuta ne suka bi ta kai da safe, leburori ma nan suka mayar hanya." Nan take ya kira yaransa, suka tanƙwara 'yan guntayen rodi masu ƙafa suka cusa a ƙarƙashi suka tallafo saƙar, suka sake ɗaurewa, sannan suka shimfiɗa katako inda masu ɗaukar kwano za su riƙa takawa gobe. Gyaran bai ci rabin awa ba. Ɗiyar ƙanwata ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Kawu, da jibi muka zo fa?" Na ce da mun ga baranda mai kyau mun yaba.

Daga nan karatu ya juya. Baba ya ja ta zuwa wata kusurwa inda bim biyu suka haɗu a kan ginshiƙi. "'Yata, sa yatsanki nan." Ta gwada, bai shiga tsakanin rodin ba. "To, tsakuwa ta ina za ta bi? Layin da kuke ja a takarda ba shi da kauri, rodi kuwa yana da shi. Ga na fila sun taso, ga na wannan bim, ga na wancan, ga ringi. Kowa an ce nan zai zauna. In an zuba gobe, ruwan siminti ne kaɗai zai wuce, tsakuwa ta tsaya a sama, ciki ya zama rami." Malam ya ce gaskiyar Baba ce, kuma ƙa'ida tana bayansa: tazarar rodi da rodi dole ta fi girman tsakuwa da aƙalla milimita 5, wato in tsakuwar mai 20 ce, a bar 25. Amma bai ce a taɓa ko ɗaya ba. Ya kira injiniyan da ya yi zanen a waya, shi ya zo da kansa kafin la'asar, ya sake lissafi, ya ce a jera rodin bim ɗin hawa biyu maimakon a cusa su a layi ɗaya, ya rubuta ya sa hannu.

Muna jiran isowarsa Baba ya gaya mana mahaifinsa maginin ƙasa ne a birnin Zazzau, da tubali da azara ya yi aiki. Wannan ya tuna wa ɗaliban cewa ilimin da suke karantawa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Maginanmu sun san ƙasa ba ta jure ja, shi ya sa suke binne azarar giginya a cikinta. Sun san azara ba ta haye fiye da kimanin mita 2 ita kaɗai, sai su jera ta hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure a lulluɓe da ƙasa har bakan gizo ya haɗu a sama. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A wancan zamani mai zane da mai ɗauri mutum ɗaya ne. Yau mutum biyu ne, ɗaya da Turanci ɗaya da Hausa, kuma galibin haɗarin a tsakaninsu yake kwana.

Ruwa, gora da hawa na huɗu

A ƙasa ana kwaɓa ɗan kankare na wasu ginshiƙan katanga. Awon da aka saba shi ne 1:2:4, wato buhun siminti mai kilo 50, kwano 4 na yashi, kwano 8 na tsakuwa. Leburori na kiran a ƙara ruwa ya yi laushi, domin mai ruwa ya fi sauƙin ɗauka da zubawa. Malam ya bayyana cewa ruwan da ya wuce kima zai bushe ya bar ƙananan ƙofofi a jikin kankare, ƙarfinsa ya ragu. Abin mamaki, bayan an zuba kuma ruwan ake bukata: a riƙa shayar da shi safe da yamma aƙalla kwana 7, musamman a wannan iska ta hunturu mai tsotse damshi. Ɗalibai suka cika 'yan akwatunan ƙarfe masu faɗin milimita 150 da kankaren, za su kai ɗakin gwaji a murƙushe wasu a kwana 7, wasu a kwana 28, a ga ƙarfin da ya kai.

Ana cikin haka mai ginin ya iso, dattijo mai fara'a, ɗan kasuwa. Bayan gaisuwa ya ce, "Injiniya, in Allah ya buɗa kasuwa, ina so in ƙara hawa ɗaya a sama. Sannan gorar nan haya ce, ko bayan mako za a iya cirewa?"

Malam ya ce, "Allah ya ƙara buɗi, Alhaji. Gora dai a bar ta mako 3, kuɗin hayarta bai kai na sabon dekin ba. Maganar ƙarin hawa kuwa, fandishon nan da filolin nan na hawa 3 aka lissafa. Ba su san da na huɗu ba. In da niyya, yau ya kamata injiniyanka ya ji, ya duba ko zai yiwu. Tun ran gini, ran zane."

Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce bai taɓa jin wanda ya warware masa abin haka ba. Wannan ya tsaya mini a rai, domin mutumin ba mugu ba ne. Da yawa cikin masu gini ba sa nufin cutar kowa, babu dai wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani da harshen da suke ji.

Abin da na dawo da shi

A hanyar komawa, bayan magariba, Malam ya ba ajin aikin gida: kowa ya sake zana mahaɗar nan ta bim da ginshiƙi da girmanta na gaskiya, kowane rodi da kaurinsa, yadda Baba zai ɗaura ba tare da ya tambayi kowa ba, sannan ya tsaya gaban aji ya bayyana zanen da Hausa ko da harshen garinsu.

Ƙasar nan ba ta rasa dokoki ba. Hukumar kula da aikin injiniya, COREN, tana nan tun 1970, ta magina, CORBON, tun 1989, kundin ƙa'idojin gini na ƙasa ya fito a 2006, a Kaduna kuma hukumar KASUPDA ce ke ba da izinin gini. Duk da haka, a 1 ga Nuwamban 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas, mutum fiye da 40 suka rasu. A watan Agustan 2022 wani bene da ake ginawa ya faɗi a titin Beirut a Kano. A 12 ga Yulin 2024 ginin makarantar Saints Academy ya rufta a Jos ana tsakiyar karatu, aka rasa rai 22. Kowane da dalilinsa, amma abin da na gani a Kaduna ya nuna mini cewa takardar izini a ofis ba ta ɗaga rodin baranda. Sai mutum ya hau tsani.

Don haka ina roƙon jami'o'inmu da kwalejojinmu su ba wannan darasi girman da ya cancanta, su riƙa kai ɗalibai kan dekin tun kafin su kammala, su zaunar da su gaban dattawan sana'a irin Baba. Ina roƙon matasan injiniyoyi kada su ga hawa gini cikin rana ƙasƙanci ne, kada kuma su sayar da sa hannunsu a kan aikin da ba su taka ba. Mai gini kuwa, ko ɗaki biyu yake yi a sama, ya nemi injiniya mai rajista, ya sayi rodi da ma'auni a hannu, kuma kada ya bari a tayar da injin kwaɓa sai wanda ya yi zanen ya hau ya duba ya amince. Kuɗin wannan dubawa bai kai na tayil ɗin falo ba, waɗanda za su kwana a ƙarƙashin rufin kuwa iyalinsa ne da 'ya'yan jama'a. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya tsare mu da aikin da-na-sani.